Daren da Aka Ajiye Ƙashin Kan Malala a Cikinta

Ranar Laraba, 10 ga Disamba 2014, ana tsakiyar ciniki a Kantin Kwari na Kano, wasu 'yan mata biyu suka tayar da bama-baman da aka ɗaura musu. 'Yan sanda suka ce mutum huɗu ne suka rasu, ban da su 'yan matan. Fagge ta hargitse, masu atamfa da shadda suka ja ƙofofin shaguna, aka yi ta kwasar masu rauni zuwa asibiti a duk abin hawan da aka samu. A ranar ce kuma, can a birnin Oslo na ƙasar Norwe, wata yarinya 'yar shekara 17 ta miƙa hannu ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya. Duniya ta kalle ta a talabijin, amma babu mai iya ganin abin da ke ƙarƙashin gyalenta. Wani sashe na ƙoƙon kanta, wajen faɗin tafin hannu, ba ƙashi ba ne. Ƙarfe ne aka ɗaure da noti takwas.

Wannan yarinya, Malala Yousafzai, ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen Kano, kuma a majalisa ɗaya za ka samu mai yabonta da mai cewa 'yar koren Turawa ce. Wannan musu na masu shi ne. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu, suka kuma yi kuskure tare, shi ne cewa likitocin Ingila ne suka ceci ranta. Ingila ta yi gyara, gyara mai yawa kuwa. Amma aikin da Allah ya sa ya zama sanadin rayuwarta an yi shi ne da tsakar dare a asibitin soja na Peshawar, a hannun wani likita ɗan ƙasarta wanda ya ƙi gamsuwa da hoton farko da aka miƙo masa.

Talata ce, 9 ga Oktoba 2012, a garin Mingora na kwarin Swat, arewa maso yammacin Pakistan. Malala, tana da shekara 15 a lokacin, ta fito daga jarrabawa a makarantar Khushal wadda mahaifinta Ziauddin ya kafa. Motar da ke mayar da su gida ƙaramar akori-kura ce da aka kafa wa benci aka rufe bayanta, 'yan mata wajen ashirin a matse a ciki. Aka tare motar a hanya. Wani matashi ya leƙo ta baya ya tambaya wace ce Malala. Babu wadda ta amsa, sai dai idanun wasu daga cikin ƙawayenta sun juya gare ta. Ya saki harsashi uku. Ɗaya ya same ta a saman girar hagu, sauran suka raunata ɗalibai biyu da ke kusa da ita. Taliban ta Pakistan ta fito ta ce ita ta aiko shi.

Direban ya zarce da su babban asibitin Swat. Aka yi mata hoton CT, aka gaya wa mahaifinta harsashin bai shiga ƙwaƙwalwa ba, aka wanke ciwon aka naɗe. Da la'asar jirgin soja mai saukar ungulu ya ɗauke ta zuwa Peshawar, asibitin soja da ake kira CMH. Wanda ya karɓe ta shi ne Kanar Junaid Khan, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Da mahaifinta ya gan shi hankalinsa bai kwanta ba, don a idonsa mutumin ya yi yarinta. Bai san ya shafe shekaru yana aiki a kan sojojin da yaƙin wannan yanki ya raunata ba.

Abin da ya fara ɗaure wa Kanar kai shi ne, ga inda harsashi ya shiga, amma babu inda ya fita, kuma babu shi a hoton kai. Ƙarfe kuwa ba ya narkewa a jiki. Sai ya bi bayanta da hannu yana lalube, har ya ji shi can ƙasa, kusa da allon kafaɗar hagu. Ashe lokacin harbin ta sunkuyar da kai, harsashin ya bi gefen kai, ya gangara ta wuya, ya yi tafiyar kusan santimita 45 a cikin jiki kafin ya tsaya.

Likitocin Swat ba su yi ƙarya ba, harsashin bai ratsa tsakiyar ƙwaƙwalwa ba. Sai dai ƙashin gefen kai yana cikin mafi siranta a ƙoƙon kai, kuma ƙarfin wucewar harsashin ya farfasa shi ya tura ɓarɓashinsa ciki. Ƙashin yarinyar da kansa ya zama harsashi na biyu. Kanar Junaid ya sa aka sake ɗaukar hoto, mai faɗi fiye da na farko, sai ga ɓarnar a fili.

Me likita yake gani in ya ɗaga wannan hoto? Tsohon hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, inuwa kawai yake bayarwa. Zai nuna maka ƙashi, ya nuna maka ƙarfe, amma ƙwaƙwalwa da jinin da ya taru a kanta ba sa fitowa. Haka likitoci suka yi ta aiki fiye da shekara saba'in, har zuwa Oktoban 1971, da aka shigar da majinyaciyar farko na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera, a asibitin Atkinson Morley na Landan. Ita wannan na'ura, ta CT, da muke ce wa siti-sikan, zagaya kai take tana harba haske ta ko'ina, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da kan yanka-yanka tun daga gindi har tsakar ka. Ƙashi ya fito fari fat, sabon jini fari-fari, ƙwaƙwalwa ruwan toka, iskar da ta shiga ta ramin ciwo baƙa wuluk. Ƙarfe kuwa sai ya yi ta feshin haske a kewayensa har ya ɓata abin da ke kusa. Akwai kuma layin da ya raba ƙwaƙwalwa dama da hagu. In likita ya ga ya gusa daga tsakiya, ya san wani abu ne ke tura shi. Nijeriya ta samu irin wannan na'ura ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1987. Cikin 'yan mintuna take gama aikinta, amma tana da iyaka guda: halin da kai yake ciki a mintin da aka ɗauki hoton kaɗai take faɗa. Na ƙarfe biyar ba ya ba da labarin ƙarfe goma sha biyu.

Kanar bai garzaya da ita ɗakin tiyata ba. Tana motsi, jikinta yana amsawa, buɗe kai kuma ba abin wasa ba ne. Ya zaɓi a sa mata ido. Ga uban da 'yarsa ke kwance da rami a goshi, babu abin da ya kai wannan jira ciwo, kuma ban ga laifin duk uban da ya ɗauka sakaci ne ba. Wajen tsakar dare sai ga ta tana aman jini, hankalinta yana gushewa. Aka mayar da ita na'ura. Wannan karon hoton ya nuna ƙwaƙwalwar tana kumbura.

A nan mutuwar take. In ka buge a hannu, hannun ya kumbura, fata ta ba shi wuri. Ƙoƙon kan babba ba ya ba da wuri ko kaɗan. Abu uku ne suka cika shi maƙil, ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da take iyo a ciki, kuma in ɗaya ya ƙaru dole wani ya matsa. Kamar ƙullin waina ne da aka zuba wa yis aka danne murfin robar: zai tashi, ba ruwansa da cewa babu fili. Ita ƙwaƙwalwa in ta rasa inda za ta, sai ta matse jijiyoyin da ke kawo mata jini, sannan ta danna ƙasa wajen ƙofar da ke gindin ƙoƙo, inda cibiyar numfashi da bugun zuciya take. Kumburin kuma ba nan take yake cika ba, yakan yi ta ƙaruwa har kwana biyu zuwa biyar. Shi ya sa maganar nan da dangi suke kwantar da hankali da ita, "Likita, ai yana magana, har ya gane ni," ba ta kwantar da hankalin likita. Shi abin da yake bi shi ne ko barci yana ƙara rinjayar majinyaci, ko ya fara amai, ko baƙin ido ɗaya ya buɗe ya daina tsukewa in an haska shi da tocila. Suna da ma'auni da aka tsara a Glasgow a 1974, daga 3 zuwa 15, na buɗe ido da magana da motsi. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta 14 da magariba, ta rubuta 11 bayan isha, to ba a jiran safiya.

Aka kira Ziauddin aka gaya masa gaskiya, in ba a buɗe kan yanzu ba za a iya rasa ta. Ya amince. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare Kanar Junaid, tare da wani likitan ƙwaƙwalwa farar hula, Dakta Mumtaz Ali, suka fara. Yadda ake irin wannan aiki shi ne a aske gefen kai, a yanka fata a naɗe ta gefe, a huda ƙashi wuri-wuri, a bi tsakanin hudojin da zarto, sannan a ɗaga ƙashin gaba ɗaya a buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa don ta samu inda za ta kumbura. Sun cire yanki mai faɗin santimita 8 zuwa 10 daga saman gefen hagu. Suka kwashe gudajin jini. Suka huda maƙogwaronta suka sa bututu don kada kumburin wuya ya toshe numfashi. Suka ciro harsashin daga kafaɗa.

Saura ƙashin da aka cire. Ina za a kai shi? Kanar ya tsaga fatar cikinta ta gefen hagu, ya zura ƙashin a ƙarƙashin fata, ya ɗinke. Ba dabararsa ba ce shi kaɗai, hanya ce sananniya a wannan fanni. Jiki yana kare ƙashin daga ƙazantar waje, kuma duk inda aka kai majinyaci ƙashinsa yana tare da shi, ba za a ce ya ɓata ko an musanya shi da na wani ba. Ɗaya hanyar ita ce a daskarar da shi a firiza ta musamman na tsawon watanni, kuma wanda ya san halin wutar lantarki a ƙasashe irin namu ba sai an yi masa dogon bayani kan hikimar ta farko ba. Kafin gari ya waye an gama. Malala ta fito da gefen kai babu ƙashi, fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwarta da duniya.

Da a fim ne, a nan za a yi tafi. Amma kwana biyu bayan harbin ta fi kusa da mutuwa fiye da daren tiyatar.

An yi katari akwai likitoci biyu daga Birmingham a Rawalpindi, sun zo ba sojojin Pakistan shawara kan shirin dashen hanta: Dakta Javid Kayani, da Dakta Fiona Reynolds, ƙwararriya a kula da yara masu matsanancin ciwo. Shugaban sojojin ƙasar, Janar Ashfaq Kayani, ya roƙe su su je Peshawar su duba. Suka duba suka ce tiyatar daidai ce, kuma an yi ta a kan lokaci. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne jinyar bayanta. Ba a auna iskar da ke cikin jininta akai-akai, kuma matakan hana ƙwayoyin cuta shiga ta bututun da aka sa mata ba su wadatar ba. Ranar Alhamis, 11 ga wata, cuta ta shiga jininta, jinin ya daina daskarewa yadda ya kamata, ƙodarta ta fara gazawa. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa asibitin zuciya na soja a Rawalpindi, inda sashen kulawa ta musamman ya fi inganci, Dakta Fiona tana tare da ita, har aka shawo kan lamarin.

Wannan ɓangaren ne ba a cika ba da labarinsa ba, don babu zarto a ciki. Ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa dare da rana: a ɗan ɗaga kan gado, a hana zazzaɓi, a kiyaye kada awon jini ya faɗi, a wanke hannu kafin a taɓa bututu, a saita na'urar numfashi. Ita wannan na'ura in ta yi sauri da yawa ta kwashe iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, jini ya ragu a inda aka fi bukatarsa. In ta yi sanyi, kumburi ya ƙaru. Likitan tiyata awa huɗu ko biyar yake yi ya cire safar hannu. Sauran makonnin na ma'aikatan jinya ne, su kuwa babu mai sa sunansu a jarida.

Ranar 15 ga Oktoba jirgin ɗaukar marasa lafiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bayar ya kai ta asibitin Queen Elizabeth na Birmingham, inda ake jinyar sojojin Birtaniya da aka raunata a Afganistan da Iraƙi. Washegari ta farka, babu uwa babu uba a kusa, bututun maƙogwaro ya hana ta magana. Sai da rubutu. Cikin abubuwan da suka fara damunta, bayan ina mahaifinta yake, har da wa zai biya kuɗin wannan asibiti. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san wannan tambaya. Gwamnatin Pakistan ce ta biya.

Wata rana ta shafa cikinta ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin fata. Ta tambaya, aka ce mata ƙashin kanta ne.

Gyare-gyaren suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Harsashin ya tsinka jijiyar da ke motsa gefen hagu na fuska, ya kuma lalata kunnen hagu. A watan Nuwamba likita Richard Irving ya yi fiye da awa takwas yana gyaran jijiyar. Aka sallame ta ranar 3 ga Janairu 2013, ta dawo ranar 2 ga Fabrairu don rufe kan. A nan hoto ya sake yin aiki, ta wata fuskar. Daga hotunan CT aka fitar da siffar ƙoƙon kanta a kwamfuta, aka ƙera samfurinsa, aka lanƙwasa fallen ƙarfen taitaniyam da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a kan samfurin har ya zauna daram. Likita Anwen White ce ta ɗaura shi, aka kuma dasa mata na'urar ji a kunnen hagu, duka cikin awa biyar. Ƙashin da ya yi kusan wata huɗu a cikinta an ciro shi, amma ba a mayar ba, don likitocin sun ga ƙarfen ya fi aminci daga cuta. Ta ce yana nan ajiye a gidanta cikin gilashi. A Pakistan har yau akwai masu cewa ba a ma harbe ta ba, shiri ne. Mai wannan magana sai ya bayyana yadda likitocin soja na Peshawar da na Rawalpindi da na Birmingham suka haɗa baki a kan ramin kai guda.

Ranar Talata, 19 ga Maris 2013, ta saɓa jakar makaranta ta shiga aji a Birmingham. Ana gobe za ta shiga, ranar Litinin da yamma, mota cike da bam ta kutsa tashar New Road a Sabon Garin Kano, inda manyan motocin safa masu zuwa Kudu suke lodi. 'Yan sanda suka ce mutum 22 sun mutu, 65 sun ji rauni, waɗanda suka ga wurin kuma suka ce adadin ya fi haka. Raunin bam ya fi na bindiga yaudara. Gutsuren ƙarfen mota ko gilashi yana iya shiga ta ramin da gashi zai rufe, mutum ya tashi da ƙafarsa yana neman jakarsa, alhali abu yana cikin kansa. Ko a lokacin zaman lafiya ma ba mu rasa abin da ke shiga kai: rodi a wurin gini, ƙusa, barandamin 'yan daba, kibiya a rikicin daji, harsashin 'yan bindiga.

Mu kuwa mutane ne masu taimako, kuma a wannan rauni taimakon ne wani lokaci yake ƙarasa mutum. Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo. Wani ya ce, "Ku zare masa mana, bayin Allah!" Wata ta ce, "A ba shi ruwa." A cusa shi a a-daidaita-sahu kansa yana lilo. Abin da ya shiga kai ya tsaya, sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ya huda. Ka zare, jini ya ɓalle a cikin ƙoƙo inda babu hannun da zai danne shi. In kibiya ce abin ya fi muni, don kunnuwanta an yi su ne musamman don su yaga nama in an ja baya. Abin yi shi ne a tallafe abin da tsumma mai tsabta ta kowane gefe don kada ya motsa, a riƙe kai da wuya su daina juyi, kada a ba shi ci ko sha don yana iya shaƙewa kuma tiyata na jiransa, a wuce kemis da ƙaramin asibitin unguwa a nufi inda akwai na'urar CT da likitan ƙwaƙwalwa.

Wata biyu kafin harbin Malala, a Agustan 2012, an ga amfanin wannan a birnin Rio de Janeiro na Brazil. Rodi mai tsawon kusan mita biyu ya faɗo daga hawa na biyar ya huda hular kwanon wani lebura ɗan shekara 24, ya shiga ta bayan kai ya fito tsakanin idanuwansa. Babu wanda ya ja. 'Yan kwana-kwana suka yanke tsawon rodin suka bar na cikin kan, aka kai shi asibitin Miguel Couto idonsa biyu yana magana. Sai da aka ɗauki hoto aka ga hanyar da ƙarfen ya bi, aka buɗe ƙoƙon, sannan aka zare shi ta gaba, ta fuskar da ya nufa tun farko. Awa biyar aka yi. Bayan kamar mako biyu ya koma gida.

Akwai abu biyu da dangi sukan matsa wa likita a kansu, kuma a duka biyun shi ne da gaskiya. Na farko, a ce a yi masa MRI tunda ita ce babba, ita ce mai tsada. Ita MRI ƙaton maganaɗisu ce, in akwai gutsuren baƙin ƙarfe a ƙwaƙwalwa tana iya motsa shi ya yi sabuwar ɓarna. CT ce ta wannan rauni, wani lokaci da allurar da ke haska jijiyoyin jini, don jijiyar da aka gurje tana iya yin ƙullutu ta fashe bayan kwanaki ko makonni. Inda babu CT, tsohon hoton ƙashi ta gaba da ta gefe yana nuna inda ƙarfe yake, ya fi babu. Na biyu shi ne, "Ranka ya daɗe, an ciro harsashin?" Mutane suna so a nuna musu shi a faranti. Likitocin sojan Amurka a yaƙin Vietnam sun kasance suna bin kowane ɓarɓashin ƙashi har cikin ƙwaƙwalwa, su ma sake buɗewa in hoto ya nuna saura. Abin da aka gani daga baya, musamman a raunukan yaƙin Lebanon na 1982, shi ne tonon yakan lalata ƙwaƙwalwa mai lafiya ba tare da ya rage cuta sosai ba. Yanzu ana cire abin da hannu ya kai gare shi cikin sauƙi, a wanke, a kwashe mataccen nama da gudan jini, a ɗinke tantanin ƙwaƙwalwa ruf don kada ruwanta ya riƙa ɗiga ya jawo sanƙarau, a ba da maganin ƙwayoyin cuta da allurar tatanas. Wanda ya yi nisa a bar shi. Na Malala ma an ciro shi ne don a kafaɗa ya tsaya.

Masu wannan aiki muna da su, ko da yake sun yi wa yawanmu kaɗan. Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan tun 1962. A Sakkwato Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo. A Kano akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, kuma daga Sabon Gari zuwa can ba sai da jirgi mai saukar ungulu ba. Abin da ya fi cinye awannin nan masu tsada a ƙasarmu ba nisa ba ne. Haɗa kuɗin hoto ne, da kiran ɗan'uwa a waya, da neman mai ba da jini. Tsakanin hoton da ya nuna kumburin ƙwaƙwalwar Malala da fara tiyatarta kuwa, awa biyu ma ba a cika ba.

Wanda ya rayu ma bai gama ba. Binciken da aka yi wa tsoffin sojojin Amurka da ƙarfe ya shiga kansu a Vietnam ya nuna fiye da rabinsu sun kamu da farfaɗiya cikin shekara 15, wasu sai bayan shekaru ta fara. A nan gida in mutum ya faɗi yana shure-shure shekara uku bayan ciwonsa ya warke, sai a ce iska ce ko sammu, a manta da tabon da ke ƙarƙashin hularsa, alhali akwai magungunan da ke danne ta ga mafi yawan masu shan su a kan ƙa'ida.

Malala ta zo Abuja a Yulin 2014 ta gana da Shugaba Goodluck Jonathan kan 'yan matan Chibok, ta je Maiduguri a 2017, ta kammala digiri a Oxford a 2020. A tsakanin waɗannan tafiye-tafiye ba ta daina komawa gadon tiyata ba. A Boston ta Amurka likitoci sun ciro jijiya daga sha-raɓarta suka dasa a fuskarta, daga baya suka ɗebo tsoka daga cinyarta suka ƙara, don gefen hagu ya samu motsi. A Agustan 2021, makon da Taliban take kama biranen Afganistan ɗaya bayan ɗaya, tana kwance a asibiti a Boston ana yi mata tiyata ta shida.